Maganin Ƙumar Mage Na Aiki, Mu Ne Ke Ɓata Shi

Yau zancen mage zan yi, kuma na san wani zai ce yaron nan ya rasa abin rubutawa. Wanda ubansa bai taɓa jibge buhunan wake da gyaɗa a sito ba ne zai faɗi haka. A wurinmu mage ma'aikaciya ce, albashinta kan kifi, aikinta hana ɓera huda buhu. Baba har yau mussa yake ce mata, irin ta mutanen Maradi, duk shekarun da ya yi a Mubi.

Bara da damina ƙuma ta kama magen sitonmu na Sabon Layi. Susa ba dare ba rana, gashin gadon bayanta ya fara zubewa, mu ma ƙafafunmu duk cizo. Na je wurin wani mai sayar da maganin dabbobi, ya miƙo mini wanda ake zuba wa shanu a baya saboda kaska. Ya ce, "Samari, abin da ya kashe kaskar bijimi, ƙumar mage ta isa?" Na ga maganarsa da ma'ana. Na zuba mata da la'asar. Kafin isha'i tana karkarwa, miyau na dalala. Da asuba ta mutu. Da hannuna na kashe ta, wannan ba na ɓoyewa.

Sai daga baya wani likitan dabbobi ya warware mini. Da yawa daga magungunan kaskar shanu dangin cypermethrin ne, shi da ɗan uwansa permethrin da ake sa wa karnuka. Hantar mage ba ta iya narkar da su yadda ta sa ko ta kare ke yi, sai su taru su bugi jijiyoyinta. Ga shi kuma mage wanka take yi da harshe, duk abin da ka shafa mata ka ba ta ta sha ne. Haka kalanzir, haka baƙin mai, balle Sniper, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai, amma har yanzu wasu na diga shi a ruwa su yi wa dabba wanka.

Da muka samo wata magen, ita ma ta kwashi ƙumar, don sito bai canja ba. Wannan karon na yi saƙo Yola aka kawo mini na mage takamaimai, mai sinadarin fipronil, wanda aka fi sani da Frontline. Ɗan bututu ne, ka buɗa gashin ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, ka matse shi a kan fata, ba a kan gashi ba. Yana bin maiƙon fata ya watsu a jiki. Cikin kwana biyu susa ta tsaya. Bayan mako biyu sai ga ƙuma kuma. Baba ya ce, "Kai, an sayar maka da jabu." A nan ne na yi gardama da shi, cikin ladabi, kuma a nan ne nake gardama da yawancin mutane.

Mai karatu, ƙumar da kake gani a jikin mage kaɗan ce daga cikin rundunar. Macen ƙuma na iya saka ƙwai arba'in zuwa hamsin a rana, ƙwan kuma ba ya mannewa, zubowa yake yi duk inda magen ta kwanta. Ya ƙyanƙyashe tsutsa a tsagar daɓe da ƙarƙashin buhu, tsutsar ta naɗe kanta cikin wani kwanso, ta zauna makonni, wani lokaci watanni, tana jiran motsi da ɗumin jiki. Magani ba ya shiga kwanson nan. Na tuna da muka dawo gida bayan gudun 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi, ɗakin da ya daɗe a kulle ba mage ba kowa, muna taka shi ƙafafunmu suka yi baƙi da ƙuma. A lokacin ina yaro na ɗauka wani abin al'ajabi ne. Ashe jiranmu suke yi.

Saboda haka wadda Baba ya gani sabuwar fitowa ce daga ƙasa. Maganin ba ya korar ƙuma, sai ta hau tukuna ta mutu. Wanda ya ɗiga sau ɗaya ya ce bai yi ba, bai yi masa adalci ba. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wannan fushin ne ke mayar da mutum ga maganin shanu.

Ban ce babu jabu ba, akwai, kuma bututun da ya sha rana a kan tebur ba abin yarda ba ne. Duba lambar NAFDAC, duba ranar lalacewa, duba hoton mage a kwalin. Tsada ma gaskiya ce. Amma na ce wa Baba ya auna kuɗin bututu uku da ɓarnar ɓera a buhun wake ɗaya, ya yi shiru, wanda a wurinsa amincewa ce. Ƙorafina ga masu shagunan magani ne: garin da ke da kasuwar shanu irin ta Mubi, kowa ya san ciwon sa, amma in ba ka da na mage, ka ce babu. Ɗan mage da bai kai mako takwas ba ma ba a ɗiga masa, mataji mai ƙananan haƙora da ruwan sabulu a kwano su ne nasa.

Mun ɗiga wata uku a jere. Kowace Juma'a muka ɗaga buhuna muka share, muka ƙona sharar, tsumman da take kwana a kai muka zuba masa tafasasshen ruwa muka shanya a rana. A wata na biyu cizo ya ragu, a na uku na taje ta ban ga ko ɗaya ba. Yanzu saura magen maƙwabcinmu da ke tsallako katanga da dare, ina ta lallashinsa mu raba kuɗin bututu, har yanzu yana cewa zai duba.