Kwaikwayon Van Gogh da Zare da Ƙyalle: Fassara ce ko Kwafi?

A azuzuwan koyon zane an saba ba ɗalibai aikin ɗaukar hoton wani shahararren mai zane su sake gina shi da kaya iri-iri: zaren ulu, ƙyallen atamfa, maɓallai, kwali da gam. Zanen da aka fi yi wa wannan hidima shi ne na dare mai taurari, wanda Vincent van Gogh ya yi a watan Yuni na 1889 yana jinyar taɓin hankali a Saint-Rémy, kudancin Faransa. Masu sukar aikin suna cewa kwafi ne kurum, ba ya haifar da mai fasaha. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta da tarihin mutumin da ake kwaikwayo.

Van Gogh kansa gwanin kwaikwayo ne. A 1887, a birnin Paris, ya sake zana ayyukan Hiroshige na Japan da fentin mai. A Saint-Rémy kuwa ya yi zane kusan ashirin daga ayyukan Jean-François Millet, mai zanen manoma. Abin lura shi ne, bugun baƙi da fari ne a gabansa, don haka launukan duk shi ya zaɓa. A wasiƙarsa ga ƙaninsa Theo ya kwatanta aikin da fassara zuwa wani harshe, wato harshen launi. Duk wanda ya taɓa fama da juya karin magana daga Faransanci zuwa Hausa ya san nauyin wannan kwatanci: mai fassara yana yanke shawara a kowace gaɓa, yana kuma ɗaukar alhakinta.

Nan ne yawancin ayyukan ɗalibai ke tuntuɓe. Sai a ga an manna maɓalli a gurbin tauraro don kawai dukansu kewayayyu ne, an liƙa shuɗin ƙyalle a sama don sama shuɗiya ce. Wannan cike gurbi ne. Zaren ulu kuwa yana da hujja mai ƙarfi, domin Van Gogh yakan shafa fenti da kauri, kowane jan buroshi ya fito daram kamar kunyar gona, kuma zare na iya bin wannan murɗawar. Har ma an san yana ajiye ƙullin zaren ulu a wani jan akwati don gwada yadda launuka ke zama da juna. Ɗalibin da ya zaɓi zare da sanin haka ya karanci zanen, ba kallonsa kawai ya yi ba.

Kayan da aka manna suna zuwa da nasu labari. A 1912 Picasso ya liƙa ledar tebur mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya kewaye shi da igiya, ya bar abin kasuwa ya yi magana da bakinsa. Jimoh Buraimoh na Oshogbo ya shigar da duwatsun ado cikin zane, kayan da Yarbawa ke ƙawata kambin sarakunansu da su. Haka guntun atamfar da aka yanko daga tsohon zanen uwa ba ɗaya yake da wanda aka tsinto a shagon tela ba, ko da launinsu ɗaya.

Saboda haka bai kamata malami ya auna irin wannan aiki da yawan kamarsa da na asali ba. Van Gogh ma bai zana abin da ya gani ta taga yadda yake ba, domin ƙauyen da ke ƙasan hoton ba a hango shi daga ɗakinsa, ƙara shi ya yi. Abin da ya dace a nema wurin ɗalibi shi ne ya tsaya gaban aikinsa ya bayyana dalilin zaɓen kowane abu da ya manna, da kuma abin da ya bari da gangan.