Ɗaɗɗoya a cikin gwangwani

Akra babban birnin ƙasar Gana ne. A can akwai zanguna inda Hausawa da sauran baƙi suke zaune, kamar Nima da Mamobi. Akwai kuma Tsohuwar Fadama, a bakin kogin Odaw da tafkin Korle. A waɗannan unguwanni gidaje a matse suke, lunguna kuma ƴan siriri ne. Shi ya sa mutane da yawa suke cewa ba wurin shuka. Wannan magana ba daidai ba ce. Yaron da yake da gwangwani guda, yana da lambu.

Shukar da ta fi dacewa da irin wannan wuri ita ce ɗaɗɗoya. Ganyenta yana da ƙamshi, furanninta ƙanana ne. Akwai mai koren ganye, akwai kuma mai ganye ja mai duhu, wadda ta fi ado. Mata suna sa ta a miya da farfesu. Ƙudan zuma suna son furenta.

Ɗaɗɗoya ba ta da wuyar shukawa, amma ba ta jure sakaci. Yaro zai huda gindin gwangwani da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Zai zuba ƙasa gauraye da busasshen taki. Sai ya yanko reshe, ya sa cikin kofin ruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu saiwa za ta fito, sai ya dasa. Zai ajiye gwangwanin inda rana take samunsa. In ta yi tsawo, sai ya tsinke kanta don ta yi rassa. In ta yi fure, sai ya bar reshe ɗaya ya yi iri.

A Akra ruwan sama yana da yawa daga Afrilu zuwa Yuli. In ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar tana ruɓewa. Lokacin hunturu kuwa iska tana busar da ƙasa da sauri, sai a ƙara ban ruwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ƙasar da za a zuba. Kusa da Tsohuwar Fadama, a Agbogbloshie, an yi shekaru ana ƙona wayoyi da tsoffin na'urori don a cire tagulla. An rushe wurin a 2021, amma dalma ba ta barin ƙasa da wuri. Dalma guba ce, tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Don haka kada a ɗebo ƙasa daga can ko daga bakin kwata. A nemo ta daga wuri mai tsabta, tunda ganyen nan ciki zai shiga.

Wasu za su ce: ruwan ma saye ake yi, ina na ba shuka? Amsa tana da sauƙi. Ruwan wankin shinkafa da ruwan alwala sun ishe ta. Amma ba ta son ruwan sabulu.

Yaron da ya kula da shuka ɗaya yana koyon haƙuri da riƙon amana. Ya kamata kowane aji ya sami gwangwaninsa a bakin taga, kowane ɗalibi kuma ya sami ranarsa ta ban ruwa.

Tambayoyi
1. Don me ake huda gindin gwangwani?
2. Wace ƙasa ce bai kamata a ɗebo ba? Don me?