Buhun Taki Ba Ya Maye Gurbin Ruwan Ƙasa

Da zarar damina ta ƙarato, zancen hukumomi ɗaya ne: buhu nawa na takin zamani za a raba. Da wuya ka ji an tambayi zurfin da ruwa ya koma a rijiyoyin ƙauye, alhali a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, wannan zurfin yana da hannu a abin da shuka za ta samu ta ci. Tsiro ba ya tauna taki, sai takin ya narke cikin danshi saiwa ke zuƙarsa. Naitirojin yana bin ruwa cikin sauƙi, fosfarus kuwa malalaci ne, ƙasa na bushewa sai ya maƙale inda yake. Shi ya sa gona kan ƙoshi da wani sinadari tana yunwar wani.

Gawo ya isa shaida. Yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, domin saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da ƙarfin wannan ruwan yake riƙe ƙwayoyin halittar da ke kama masa naitirojin daga iska, yana jawo ma'adinai daga zurfi ya zubo su ta ganye, ga kashin dabbobin da ke kwana a inuwarsa. Manomin Damagaram ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Idan ruwan ya yi wa saiwa nisa, takin kyauta ya tafi. A dausayin Hadejiya da Nguru, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da ƙasa duk shekara ta ragu, kuma ita ce ke cika rumbun ruwan da itatuwa ke sha.

Za a ce noman ranin da ake tare ruwan dominsa yana ciyar da jama'a, kuma abin da gawo ke bayarwa ana samunsa a kasuwa. Batu na farko gaskiya ne, ba na jayayya da shi. Na biyu ne ke da rauni: yuriyar da aka watsa aka bari a sarari, wani kasonta iska ke kwashewa, kuma babu buhun da ke ba jigawa ruɓaɓɓen ganyen da ke riƙe danshi. Yawan ruwan ma ba alheri ba ne tsantsa, don inda ake ban ruwa babu magudana, ruwan ƙasa kan taso, rana ta ƙafar da shi, gishiri ya rage a sama ya hana saiwa sha. Don haka ma'aikatar da ke ƙirga buhu ta riƙa auna ruwan rijiyoyi rani da damina, ta kuma san adadin burtsatsen da ake haƙawa a kowace fadama kafin ta yarda a ƙara wani.