Ƙararrawar Fatsa Ba Ta Hana Kifi Ruɓewa

Marubucin da ya ce masuntanmu na kogin Wouri sun ci baya ne saboda ba su sayi kayan fatsa irin na Ingila ba, ya yi tuya ya manta da albasa. Ƙararrawar da ke kuka in kifi ya taɓa ƙugiya, da katifar da ake kwantar da shi a kai, an ƙera su ne domin mai fatsar nishaɗi, wanda zai auna kifin, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Masuncin Youpwé da ke Duwala kuwa abincin iyali ya fito nema. Ko kifin da ake kira "carpe" a kasuwannin Duwala ba shi ne na tabkunan Turai ba.

Za a ce ai tarun nailan da injin jirgi ma baƙi ne. Haka ne, amma an karɓe su ne don sun mayar da kuɗinsu. Asarar da ke damun mai sayar da kifi a unguwar New Bell ta zafi ce: kifi ya lalace kafin la'asar. Ƙanƙara da akwatin sanyi yake buƙata, kuma ko sau ɗaya marubucin bai ambace su ba.