Faɗuwar naira da lissafin inganta kwamfutar wasa

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, kayan Kwatano, har da na kwamfuta, suka daina araha. A Lolo, kan iyakar Bagudo da Benin, dalilin yana hannun 'yan canji: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, naira kuwa ta zube. Don haka ma'aikacin da ɗansa ya matsa wa kan sabon katin hoto na Nvidia ya dakata tukuna. Ƙara RAM zuwa gigabait 16 da maye tsohon faifai da SSD sun fi sauƙin kuɗi, kuma nan take ake ganin bambanci. Amma a fara da sitabilaiza, domin wuta mai hawa da sauka kan ƙone abin da albashin watanni ya saya.