Mai Tsara Wasan Kwamfuta Yana Bukatar Adabi

Wasu ɗalibai suna ganin cewa mai son sana'ar kwamfuta ba ya bukatar karatun adabi. A ganina, wannan kuskure ne.

Ku dubi Jordan Mechner, wani Ba'amurke mai tsara wasannin kwamfuta. A shekarar 1989 ya fitar da wasa mai suna Prince of Persia. A cikin wasan, wani mugun waziri ya tsare gimbiya, jarumi kuwa yana da awa ɗaya tak ya cece ta. Daga ina Mechner ya samo waziri da gimbiya da gidan sarki? Daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda Hausawa ma suka daɗe suna karantawa. Gudu da tsalle da kauce wa tarko kuma, ya gan su a finafinan da yake so, irin su Raiders of the Lost Ark na 1981.

Lissafi ne ya sa wasan ya yi aiki, amma labari ne ya sa mutane suka so shi. Saboda haka, ku riƙe lissafi da kyau, kada kuma ku yar da Magana Jari Ce da tatsuniyoyin garinku. Gizo da Ƙoƙi suna jiran wanda zai shigar da su kwamfuta.