Ba a Wanke Allo Sai Yaro Ya Riƙe

A bayan takardar naira ashirin akwai hoton wata mata da ba ta yi karatun aji ba, tana gina tukunya. Ladi Kwali ce. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali, da kallo da cuɗa yumɓu da gyaran babba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a garin nan na Suleja, lokacin ana ce masa Abuja, ita ce mace ta farko a wurin. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Ba don in rage wa boko daraja na kawo ta ba. Sarkin da Suleja ta ci sunansa, Sulaimanu Barau, ɗan Kwalejin Katsina ne, ya kuma koyar kafin ya hau sarauta a 1944. Abin da nake so a duba shi ne abin da ya gina Ladi: babba yana zaune kusa, idonsa a kan hannun yarinya, ba ya barin ta wuce gaba sai ta iya na baya.

Makarantar allo ta san wannan tun kaka da kakanni. Yaro zai rubuta da tawada, ya zo ya durƙusa ya biya wa malam. In ya yi tuntuɓe a harafi ɗaya, a mayar da shi. Ba a wanke allo sai ya riƙe. A tabarma ɗaya wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kusa sauka, kuma babu mai jin kunyar inda ya tsaya. Gardi yana biya wa kolo, shi ma nasa karatun yana ƙara zama. Wannan yana haifar da haƙuri da ƙarfin hadda da ladabi.

A firamare kuwa, aji ya cika maƙil, malama ɗaya, shekara na ƙarewa a ɗaga kowa gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Shi ya sa za ka ga ɗan aji shida ka miƙa masa wasiƙa ya sunkuyar da kai. Iyaye da yawa a nan kafin gari ya waye sun bi hanyar Madalla da Zuba zuwa aiki Abuja, ba su dawowa sai bayan isha'i. Wa zai buɗe jakar yaron ya ga abin da ya rubuta? Gwamnati da kanta ta yarda cewa yara ba tafiya ɗaya suke yi ba, tunda ta kafa makarantar hazikai ta tarayya a Suleja tun zamanin Janar Babangida. Amma 'yan ƙalilan da suka ci jarrabawa ne ke shiga. Mai jinkirin fahimta ya fi kowa buƙatar a bi shi a hankali.

Sai dai kada masu tsangaya su ji an wanke su. Yaro ɗan shekara bakwai da ke yawo da roba a bakin kasuwar IBB, uba ya ajiye shi ya tafi babu waiwaye, ya rasa idon babban da ya sa tsarin ya yi albarka. Yunwa tana tauye jiki da ƙwaƙwalwa, kuma zai girma babu lissafi babu sana'a. Wannan zalunci ne, ko da sunan addini aka yi shi. Gwamnatin Jonathan ta buɗe makarantar almajirai a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka gina wasu da yawa, a 2023 kuma aka kafa hukumar almajirai ta ƙasa, amma gini da hukuma ba su ciyar da yaro kullum.

Abin da masarauta da ƙaramar hukuma da malamai za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba. Alhamis, da ba a karatun allo, a raba almajirai shagunan kafintoci da teloli da makanikai. A tura malamin lissafi da rubutun boko tsangaya da hantsi. Kada alaramma ya karɓi yaro sai uba ya ɗauki nauyin cinsa. A firamare kuma, ɗan aji uku da bai iya karatu ba a ware masa lokaci da malami har ya iya, sannan a ɗaga shi.